Akushin Kaka a Gwanjo

Ranar Juma'a da ƙarfe huɗu, muna zaune da Inna a Kurfi, ƙanwata ta miƙo mini wayarta. Hoton akushi ne da aka sayar a gwanjon kayan tarihi a ƙasar waje. Da ɗinkin tagullar bakinsa na gane shi.

Ni na riƙe wa Kaka shi ranar da ya ɗinke tsagin, itacen yana ƙamshin man shanu. Ya ce, "Riƙe da kyau, ja'iri, akushin nan ko ni ya girme ni."

Da ya rasu, Kawu ya karɓi ajiyarsa. Daga baya ya rantse mana gara ta cinye shi.

Inna ta daɗe tana kallon hoton, ta ce, "Har da rantsuwa."

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya haskaka kabarinsa. Tun ranar Inna ba ta sake taka gidan Kawu ba.