Mutumin Gabas

Malam Gide magini ne a Ketare, kuma maƙwabcina ne tun muna samari. Rabin rumbunan unguwarmu aikin hannunsa ne. Shekara huɗu ke nan da gwiwa ta hana shi hawa katanga, sai ya koma zaman gindin dalbejiya yana kushe aikin masu bulo. Ni kuwa tsohon malamin firamare ne, aikina a wurin shi ne in musa masa.

'Ya'yansa bakwai. Shida yana kiran sunansu, har da faɗa in ta kama. Na farin, Uwais, da ke koyarwa a Zariya, shi ne ban taɓa jin ya ambata ba. Alkunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, Gide kuma ya riƙe ta fiye da kowa. In Uwais ya zo gida ya durƙusa, amsar ba ta wuce "lafiya lau", ido na kan tabarma. Ranar da aka yi walimar gama karatunsa, Gide gona ya tafi. Abin ya ba ni haushi, na kuma faɗa masa, ya yi kamar bai ji ba.

Da babbar sallar bara Uwais ya kawo wata faffaɗar waya, ya ba ni in miƙa wa mahaifinsa. A ciki akwai wasan gina ƙasa. Kowa zai fara da ƙauye ɗaya, ya yi noma, ya sari dutse, ya faɗaɗa gari. Kai ka yi naka, ka tura, wancan ya yi nasa, sauran ƙasashen kuma na'ura ke jan su. Da yake sabis ɗinmu sai a hankali, sau ɗaya uban da ɗan suke yi a rana. Bayan la'asar nakan karanta masa Turancin, shi ya yanke shawara. Kowane zagaye yana kiransa damina. Ƙasar Uwais tana gabas da tasa, sai ya raɗa masa "mutumin gabas". Daga nan bakinsa ya buɗe. Mutumin gabas ya iya zaɓen fili, mutumin gabas bai san ruwa na cin tushe ba, haka zai yi ta yi har magariba.

Inda muka fi daɗewa shi ne manyan gine-ginen ban mamaki da ake yi a farkon wasa. Kowanne ƙasa ɗaya ce ke samunsa. In wani ya riga ka gamawa, wahalarka ta tashi a banza. Dalar Masar dai, Gide ya ce ba zai gina wa kowa kabari ba. Lambun da ke rataye ya kalle shi da idon magini ya ce damina biyu ba za ta bar shi ba. Ganuwa ta ja hankalinsa, don mutumin yankin nan bai raina katanga, amma ya ƙirga mutanen da za ta ɗebe daga gona ya fasa. A ƙarshe ya tsaya a kan babban ɗakin littattafai, aikin damina goma sha takwas.

Saura damina uku ya gama, ɗan leƙen asirinsa na cikin wasan ya isa gabas. Sai ga tsani da tulin dutse a tsakiyar birnin Uwais. Shi ma ɗakin littattafan yake ginawa. Gide ya kusanto da wayar, ya ƙare wa ginin kallo.

"Malam, wanga ko rufi bai kai ba. Ni zan riga shi."

"To ai shi ke nan, ka ci."

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ce, "Mi zan yi da littattafai? Mayar da leburorin su yi mani rumbu."

Na ce damina goma sha biyar fa za ta zube. Ya ce ya sani. Ban ƙara musu ba, don na gane. Shekara talatin da huɗu bai taɓa miƙa wa yaron ko alewa da hannunsa ba.

Muka zauna jiran labari. Kwana shida sai saƙo ya fito: wata ƙasa ta na'ura, can bayan teku, ta gama ɗakin littattafan. Na ga ran Gide ya ɓaci. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Uwais ne, na sa ta a fili yadda Gide zai ji.

"Baba Malam, me ya faru? Na ga Baba ya kusa gamawa, shi ya sa na janye ma'aikatana na bar masa."

Na ce wa Uwais zan sake kiransa, na kashe wayar. Gide ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya kai hannun riga ido. Da ya natsu ya girgiza kai.

"Uwaisu ke nan," in ji shi. "Kira mani shi, Malam. Ba ni wayar."