Yaya Mai Gam da Kwana Bakwai na Dogo

Kowace safiya, kafin a buga ƙararrawar shiga aiki a kamfanin katifa, Yaya Mai Gam ta riga ta buɗe ɗan ɗakin ƙungiyar ma'aikata da ke bayan sashen ɗinki. Ɗakin ba abin kallo ba ne: benci biyu, fanka mai kuka, da kabad ɗin ƙarfe wanda sai an tokare shi da gwiwa yake buɗuwa. A ciki akwai littafin dokar ƙwadago, da yarjejeniyar da ƙungiya ta ƙulla da kamfani, da ƙananan littattafai kan hutun haihuwa, rauni a bakin aiki da ƙa'idar sallama. Ba wanda ya naɗa ta mai kula da su. Tela ce, shekara ashirin da takwas tana ɗinke bakin katifa, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Duk lokacin da aka sauya wani sashe na yarjejeniyar, ana manna sanarwa a allon bakin ƙofa, mu kuwa mu yi ta wuce ta har rana ta cinye rubutun. Ita sai ta tsaya ta kwafe da hannu, ta yanka takardar daidai, ta shafa gam ta liƙa a kan tsohon layin, ta rubuta kwanan wata a gefe. A nan ta samo sunanta. Littafin yarjejeniyar ya kumbura har ba ya rufuwa, muka riƙa yi mata tsiya cewa shi ma ya isa a ba shi hutun haihuwa. Ba ta da sauƙi fa. Ka ari littafi ka dawo da shi da tabon mai, ranar sai ka gwammace shugaban sashe ne ya kama ka. Amma a hutun rana za ta zauna ta karanta wa duk wanda ya zo shafi guda, ta kama yatsansa ta ɗora a kan layin, ko da mutum bai iya karatu sosai ba.

Bara ne muka san darajar gam ɗin nan. Dogo, mai yankan soso, ya ƙi tayar da injinsa saboda an cire murfin da ke kare hannu daga wuƙar, wai don aiki ya yi sauri. Aka ba shi takardar sallama bisa ƙin bin umarni. Mutum ne mai 'ya'ya huɗu, ga mahaifiya tsohuwa a hannunsa. Ya garzaya wurin sakataren ƙungiya, mutumin kirki, wanda ya jawo nasa littafin fes daga aljihun tebur ya ce masa ya kwantar da hankali, yana da kwana talatin na kai koke. Dogo ya koma gida yana jiran ransa ya huce kafin ya rubuta.

Bayan kwanaki ya zo kwashe kayansa, ya leƙa ɗakin ƙungiya su gaisa. Mai Gam tana cin abinci ta tambaye shi ko ya miƙa kokensa, ya ce ai da sauran lokaci. Ta ajiye cokali.

"Ƙanena, wa ya ce maka talatin?"

"Sakatare, Yaya."

"Talatin ɗin nan an soke ta tun shekara biyu. Kwana bakwai ne na aiki. Yaushe aka ba ka takardar?"

Ya faɗa mata. Ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. Ranar ce ta bakwai, ƙarfe ɗaya ta wuce, ofishin kula da ma'aikata kuma ƙarfe huɗu yake rufewa. Ta buɗe shafin, ga 'yar takardarta a liƙe da kwanan wata. Aka kira sakatare, ya duba, kunya ta rufe shi. A yaba masa, bai yi gardama ba, ya zauna ya ɗauki biro. Ita tana karanto sashen da ya ba ma'aikaci damar ƙin aikin da zai iya illata shi, sakatare yana rubutawa, Dogo yana tsaye a gefe. Ta sa aka yi kwafi biyu, ta nemi izini a sashenta, ta raka Dogo da ƙafarta.

Akawun ofishin ya ce su ajiye, gobe zai duba. Mai Gam ta ce ba inda za ta sai an buga hatimi da kwanan watan yau a kan kwafin Dogo. Ya yi tsaki, ya yi waya, ya shiga ciki ya fito, tana nan tsaye kamar an dasa ta. Huɗu saura kwata hatimin ya sauka. Da suka fito Dogo ya zauna a kan matakala yana ta hamdala. Mako uku bayan haka kwamitin koke ya zauna, aka mayar da shi bakin aikinsa, mu duka muka yi ajiyar zuciya.

Yaya, ke ce mai tsayawa gaban allon da kowa ke wucewa. Ba ki taɓa riƙe muƙami ba, ba ki taɓa hawa mumbari ranar taro ba, amma gidaje nawa ne ke cin abinci yau saboda kin ƙi ƙosawa da karatun da mu muke ganin ya cika gundura? Mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar ido.

Ku kuma 'yan ƙungiya, a duk inda kuke aiki, ku shiga ɗakinku ku ɗauko littafin, ku duba yaushe aka buga shi da abin da aka sauya bayan nan. Kada ku bari sai takarda ta zo hannunku. Da safiyar nan na bi ta sashen yanka, na tarar da Dogo a kan injinsa, an mayar da murfin, ya ɗago min hannu da yatsunsa biyar cif.