Tocilar da Surukina Ya Kawo Mini Daga Makka

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya kwashe mini sauran tunanina, ita ba za ta fita daga kaina ba. Ranar ce na tsaya a kan surukina ina buga tocila a ƙarfen gado, taƙi ɗaya daga kunnensa, shi kuwa yana zaune yana kallon bango.

Tocilar shi ya ba ni. Shekarar da ya sauke farali kowa ya samu tsaraba. Matata ta samu zobe da dadduma, maƙwabta suka samu dabino, ni kuma aka miƙo mini tocila ta ƙarfe, doguwa, mai cin batir uku. Da zai ba ni ya ce, "Malam, ga wagga. Ka riƙe ta da kyau, ba irin ta kasuwa ba ce." Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na yi godiya.

Na riƙe ta da kyau har wata biyu. Sai wata rana zan kafa ƙusar gidan sauro a ɗakinmu na haya a Ƙofar Durbi, na duba babu guduma, babu dutse kusa, ga tocila a kan teburi. Bugu uku ƙusa ta shige. Na kunna tocila, ta kawo haske tar. A nan ne na lalace. Daga ranar, sakatar ƙofa in ta cije, tocila. Ƙanƙarar shan ruwa da azumi, tocila. Fedar kekena da ta karkace, tocila. Har goriba na fasa da ita, kuma duk wanda ya san goriba ya san ba ƙaramin aiki na ba ta ba.

Matata ba mai yawan magana ba ce. Sau ɗaya ta ce, "Malam, tocila ce fa."

Na ce, "Na sani. Ai shi ya sa nake bugawa da gindin, ba da kan ba."

Ta ci gaba da aikinta, ni kuma na ɗauka na ci gardama. Har a majalisarmu ta bakin titi nakan yi alfahari da ita, ina ce wa mutane shekara huɗu tana aikin guduma ba ta taɓa gazawa ba. Abin da ba na faɗa shi ne, gilashinta ya tsage tun shekarar farko. Daga baya sai an girgiza ta take kamawa. Daga nan sai an buga ta a tafin hannu. A ƙarshe tafin hannu ya daina isar ta, sai ƙarfe ko siminti, kuma in ta kama ba ta daɗewa. Ni ban ɗauki wannan lalacewa ba. Na ɗauka hali ta sake.

Ran Asabar ɗin surukina ya shigo gari daga Batagarawa ta'aziyya, ya biyo ya ga ɗiyarsa. Ba ya wuce zaure in ya zo, ni ma ba na zama inda yake, gaisuwa kawai nake yi in ja jiki. Bayan azahar ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa a tabarma. Ba a jima ba muka ji yana kiran matata da wata murya da ban san shi da ita ba. Muka tarar da shi tsaye, ya toshe kunnen dama da hannu, ido ɗaya na zubar da hawaye. Dattijon da ban taɓa ganin ya yi gaggawa ba, ga shi yana kaɗa kai yana zagaya zaure.

Ya ce, "Wani abu ya shige mani kunne. Shina tahiya cikin kaina."

Matata ta ruga za ta ɗauko tsinke, ya hana ta. Ya ce ƙwaro haske yake bi, a shiga da shi ɗaki a rufe taga, a haska masa kunnen, zai fito da kansa. Lokacin wayar hannu ba ta kai ga irinmu ba, balle mai fitila. Sai ya juyo wajena ya ce, "Malam, ina wadda na kawo maka?"

Da na iya arowa a maƙwabta, amma tasa ya tambaya, kuma aron wata daidai yake da amsa laifi. Na ce a raina wataƙila yau ta rufa mini asiri.

Muka zaunar da shi a bakin gado, matata ta rufe taga ta saki labule. Na danna makunni. Shiru. Na girgiza. Shiru. Na sulale tsakar gida na buga ta a turmi, ta kama, na taho da sauri, ina sa ƙafa a ɗaki ta mutu. Na koma na sake. Wannan karon ta kai ni har gaban gado. Surukina yana nishi, yana damƙe da gefen katifa, ya ce, "Mi ake jira?"

Matata ta ce a hankali, "Baba, sai an buga ta."

Ya juya fuskarsa ga bango. Na ga babu sauran abin ɓoyewa. Na kama kunnen surukina da hannun hagu, ni da ko idonsa ban taɓa kallo ba, na ɗaga tocila da dama na maka ta a ƙarfen gado. Ya zabura. Ta kama, na haska, ta mutu. Na sake makawa, ya sake zabura. A bugu na biyar na gano in na matse murfin gindin da babban yatsa tana riƙe hasken. Na matse har yatsana ya yi sanyi. Can sai ga wani ɗan ƙwaro baƙi, bai kai ƙwayar dawa ba, ya leƙo, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya tako zuwa gilashin da ya tsage. Matata ta kaɗe shi ƙasa ta take.

Aka buɗe taga. Surukina ya yi hamdala, ya share fuska, ya miƙo hannu. Na ba shi tocilar. Ya juya ta a hankali yana bin kowane lotso da yatsa, ni kuma ina tsaye na san tarihin kowanne. Ya kwance gindin da ƙyar, ya leƙa, ya mayar. Sannan ya ajiye ta a kan gado.

Ya ce, "Malam, abu biyu na ba ka amana. Na ga ɗaya." Ya dubi ɗiyarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai. Ya sa takalminsa ya yi mana sallama.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ni dai ban taɓa ɗaga wa matata hannu ba. Amma da na zauna na tuna, yadda nake yi da tocilar nan haka nake yi da haƙurinta. Duk abin da ya cije a gidan ita nake ɗorawa, ɗibar ruwa, jinyar mahaifiyata, baƙina da ba na sanar da zuwansu, ɓacin raina in na dawo daga aiki. Tunda ba ta taɓa gazawa ba, ban taɓa tambaya ko ta gaji ba. Ranar na tambaye ta. Ta kalle ni ta ce, "Sai yau?"

Bayan mako guda wani direban Batagarawa ya kawo mini saƙo a naɗe cikin jarida. Guduma ce sabuwa, babu takarda, babu bayani.

Tocilar tana nan a ƙasan akwatina, ba ta ƙara kamawa ba, na kuma kasa jefar da ita. Abin da ta koya mini shi ne, don abu yana jurewa ba shi ne ba ya jin bugu ba. Tarawa yake yi, kuma ranar da ka fi buƙatarsa za ka ga abin da ka yi masa.