Ƙarfen da Inna Ta Zaɓa

A gareji ba wanda ke kiran babana da sunansa, Guduma ake ce masa. Shekara talatin da ɗoriya yana buga jikin mota, kuma duk wanda motarsa ta lotse ya san ƙofar da zai nufa. Ban taɓa ganin mai ido irin nasa ba. Zai kashe fitila, ya kwantar da tocila a gefen mota yadda haske zai bi jikin ƙarfen a kwance, sai kowace lotsawa ta fito da inuwarta. Daga nan ya shiga karanta wa mai mota laifinsa: wannan babur ne, wannan ƙofar gida ka goga, wannan kuwa ƙafa aka sa aka harba. Ba ya kuskure. Mutane su yi ta dariya suna cewa wannan mutum ai boka ne.

Mu a gida ba ma dariya. Hannun da ke miƙar da ƙarfe shi ne ke sauka a kan Inna. Na tashi na tarar kunnenta na hagu ba ya ji, mari ɗaya ne ya kashe shi tun ina goye. Ina shekara tara na ga ya jefe ta da dutsen guga da zafinsa, tabon yana nan a kafaɗarta. Yayana ya taɓa shiga tsakani, ya fita da haƙora biyu a tafin hannunsa, bai ƙara kwana a gidan ba. Ni ce auta, ni na rage. Ba zan ɓoye ba, na tsani mutumin nan, kuma kullum ina tsoron ranar da zan dawo daga aiki in tarar Inna ba ta numfashi.

Abin da ya kawo ta yau da rai shi ne iya gocewa. Bangon da ya raba falonmu da ɗakin kwana ba na bulo ba ne, allo ne mai laushi da aka kafa aka shafe da fenti. A nan yake ritsa ta, don babu ƙofa a wannan gefen. Da ta ga kafaɗarsa ta ja baya sai ta sunkuya, naushin ya wuce ta saman kanta ya shige allon. Allon ya karɓa, hannu ya fito lafiya lau. Washegari in ya tafi aiki, Inna ta ɗauko ragowar fotin cike lotsawar mota da yake kawowa daga gareji, ta cike ramin, ta goge da samfefa, ta shafa fenti. Ya dawo ya tarar da bango sumul, ba ya tambaya, ita ma ba ta cewa komai.

Wata Asabar ya shigo da kwali a hammata. Wani da ya ji daɗin aikinsa ne ya ba shi kyautar majigi, irin ƙaramin nan da ake haɗawa da waya ya haska hoto a bango. Baba yana son kallon ƙwallo kamar ransa, bakinsa har kunne. Ya ce falon nan zai zama silima. Ana tsakar rana ya sa muka sauke labule, ya ɗora majigin a kan teburin da ke gefe, ya kunna.

Da yake teburin a gefe yake, hasken ya bi bangon a kwance, daidai yadda yake yi da tocila a gareji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk ramukan da Inna ta cike suka taso, kowane da inuwarsa. Na ƙirga goma sha bakwai, a jere, dukansu a tsayi ɗaya, tsayin kan Inna. Mutumin da ke karanta jikin mota ya tsaya yana kallon bangonsa. Na san ya karanta, don na ga muƙamuƙinsa yana motsi.

Ya kashe majigin ya ce, “Bangon nan ba shi da kyau. A samo abin da za a rufe shi.”

Abin da ya ce ke nan, kuma daga ranar muka shiga uku da neman abin rufe bango.

Da farin zanin gado aka fara. Haske ya ratsa shi ya taɓa bango, ga tamoji ko'ina, in fanka ta kaɗa sai fuskokin 'yan ƙwallo su yi ta rawa. Baba ya fizgo zanin ya keta shi gida biyu, ya naɗe rabin ya shauɗa wa Inna a fuska har idonta ya yi ja. Sai ya kawo farin tamfol. Shi kuma ƙyalli ne da shi, tsakiyar hoton ta zama wani farin dunƙule mai kashe ido. Ya ɗauki kofin gilashi ya maka da ƙasa, Inna ta taka, na kwashi rabin awa ina zare mata gutsattsari daga tafin ƙafa.

Na uku shi ne yadin labule mai kauri, mai roba a baya. Mai shagon labule ya ce shi masu majigi ke saye, haske ba ya ratsa shi kuma ba ya ƙyalli. Gaskiya ya faɗa, hoto ya fito. Amma layin ninki ya ƙi ɓacewa, Baba ya ce a goge. Inna ta ɗora dutsen guga, robar ta narke wuri guda kamar faɗin tafin hannu. Ina kicin na ji ƙararta. Na fito na tarar ya murɗe mata hannu ta baya, ya danna fuskarta a kan yadin yana cewa ta shinshina abin da ta yi. Na rarumi kujerar katako na ɗaga. Ya juyo ya dube ni, ya ce, “Sauke ta a kaina, Auta, in kin haifu.” Na kasa, na ajiye kujerar. Har yau ina jin kunyar wannan kasawar.

A hanyar dawowa daga asibiti, hannunta a naɗe da bandeji, na ce mata, “Inna, ki zo mu tafi wurin Yaya. Mutumin nan kashe ki zai yi.”

Ta ce, “Bari dai a gama allon majigin nan.”

“Wane allo? Ana maganar ranki kina maganar allo?”

Na ji haushinta ya fi nasa, na yi kwana biyu ban yi mata magana ba. Na ɗauka haƙurin nan nata mai kashe mutum ne ya sake motsawa.

Ran Talata da safe yana shan shayi, Inna ta durƙusa nesa kaɗan ta ce, “Maigida, in faɗi wata magana?”

“Faɗi.”

“Yadi ba aikinka ba ne, shi ya sa yake ba ka wahala. Kai da ƙarfe ke jin maganarka, me zai hana ka yanko fallen ƙarfe mai kauri, ka goge, ka fesa masa fenti mara ƙyalli? Ba tamoji, ba rawa, ba abin da zai fito ta bayansa.”

Ya ajiye kofin shayin. Sannan ya ce, “Ashe kan naki yana aiki wani lokacin.”

Kwana huɗu ya yi a kan allon nan, kuma sai na faɗi gaskiya, aiki ne na gwani. Ya zaɓi ruwan toka mai haske, ya ce fari yana wanke baƙi a ɗakin da hasken rana ke leƙowa. Ya yi masa firam, ya gitta sanduna biyu na ƙarfe a baya ya yi musu walda don kar fallen ya yi motsi. Da yake bangon ba zai ɗauki nauyin ba, ya yi masa ƙafafu ya ɗaure su da noti a ƙasa. Mutum uku suka shigo da shi. Da aka kunna majigi, ciyawar fili ta fito kore shar, har gumin goshin 'yan wasa ana gani. Ramuka goma sha bakwai suka ɓace a baya. Baba ya kira maƙwabta suka gani, suka yaba, ya yi ta fara'a. Mako biyu gidanmu shiru.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ran Lahadi da la'asar ana wasa, Inna ta kawo masa ruwa, ta gitta ta gaban majigi daidai lokacin da aka jefa ƙwallo a raga. Inuwarta kawai ya gani. Ya miƙe, kofin ya faɗi. Inna ta ja da baya, taku uku, zuwa wurin da ta saba tsayawa shekara da shekaru. Hasken majigi yana kan fuskarta. Na ga kafaɗarsa ta ja baya, na ga ta sunkuya.

Ƙarar ba irin wadda na saba ji ba ce. Ƙarfen ya yi wani irin kuka da ya cika gidan, a cikinsa kuma na ji wani abu ya ɓalle kamar an karya busasshen itace. Naushin ya sauka daidai kan sandar da ya gitta da hannunsa. Baba ya durƙusa a kan gwiwa, ya rungume hannun. Wani farin ƙashi ya huda fata ya leƙo a bayan yatsunsa. Jini ya bi allon yana gangarowa, 'yan ƙwallo suna ta murna a kansa. Inna ta miƙe, ta gyara ɗankwalinta, ta ce mini, “Auta, kira mai mota.”

Likita ya ce ƙashi huɗu ne suka farfashe, da wuyan hannu. An yi aiki sau biyu. Yatsun sun warke a sandare, ba sa rufuwa a kan cokali balle guduma. 'Yan gareji har yanzu Guduma suke ce masa in sun zo gaisuwa, sai ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zan ji tausayinsa. Na duba zuciyata, ban samu ba, sai dai na fara barci.

Lotsawar tana nan a tsakiyar allon, ƙarama, daidai wurin sandar. Duk fuskar da ta zo wurin a hoto sai ta karkace. Sau biyu ya ce a kira wani daga gareji ya buge ta, Inna ta ce a bari, kuma yanzu in ta ce a bari ana bari.

Wata rana yana ɗaki, mu biyu muna kallo, na matsa kusa da kunnenta mai ji na ce, “Inna, kin san abin da zai faru?”

Ba ta ɗauke ido daga allon ba. Ta ce, “An ce a samo abin da zai rufe bango, na samo. Shekara ashirin da shida ina cike masa rami, Auta. Wannan karon ya gyara da hannunsa.”

Ta miƙo hannu ta karɓi rimot, ta ƙara murya.