Hamma Buba da Wayoyin Sifika

Shekara ashirin da takwas ke nan da muka binne yayana, Hamma Buba, a Potiskum. Har yau in na ji ƙaurin kayan lantarki sun ƙone sai in tuna da shi.

Makiyayi ne da ya zauna gari ya koma dillancin shanu. Kafin Innarmu ta rasu ya ɗauki muryarta a kaset, tana ba da labarin mashekarinmu da Fulatanci, tana kiran shanunta da sunayensu. Saboda kaset ɗin nan kaɗai ya sayi amfilifaya, akwatin ƙara sauti, da sifika biyu ya girke a ɗakinsa na unguwar Yindiski. Ba a jima ba kunnensa ya fara mutuwa.

Hamma bai taɓa yarda da haka ba. Wai laifin waya ne. Ya kankare bakinta da reza, ya sauya ja da baƙa, ya sayo mai kauri. Da muryar ta ci gaba da yi masa nisa, sai ya shiga ƙaro sifiku, yana murɗe wayoyinsu duka a baki guda na amfilifayar, yadda kowa ke yi a lokacin. Amfilifaya ta ɗau zafi, ta yi hayaƙi.

A gabana Maina mai gyaran rediyo ya yi masa bayani.

"Alhaji, ma'aunin sifika om ake ce masa, om takwas aka rubuta a bayanta, iya abin da za ta ɗauka ke nan. Duk sifikar da ka ƙara a bakin nan, lambar raguwa take yi, wutar da ake zuƙa kuma ta ƙaru. Saniya ɗaya ce ka sakar wa maruƙa shida."

"To ƙara mata ƙarfi," in ji Hamma.

"Har bakin titi ake jin ta, Alhaji."

Ko bai ji ba ne, ko ya ji ya share, Allah masani. Taurin kai gadon gidanmu ne, amma shi ya haɗa da rabon kowa.

Aka gyara, ta sake ƙonewa. Maƙwabta sun haddace sunayen shanun Inna, shi kuwa sai dai ya dafa sifika da tafin hannu yana jin motsinta. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa ba. Wani ciwo daban ne ya kwantar da shi, amma har a gadon asibiti yana tuna mini in nemo masa waya ta gaske daga Kano.

Yanzu yara na cusa wani ɗan abu a kunne, ba waya ba akwati, sauti garau. Ina jin da yana raye zai tsane shi, tunda bai bar masa abin ɗora wa laifi ba.

Shanu sun ƙare, sifikun sun ruɓe. Kaset ɗin ne ya rage, an juye mini shi a salula. Bana na kunna wa 'yarsa Hauwa, wadda ta tashi a gari da Hausa kaɗai. Muryar ta fito tar, har numfashin Inna ana ji. Hauwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta dube ni.

"Baffa, me take cewa?"