Kaskon da Kyari Ya Bar Min Ajiya

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar abokina Kyari Mai Kasko. Da hankalina a kwance yake, da na bar shekarar ta wuce shiru kamar 'yan'uwanta, in yi masa addu'a bayan Juma'a in koma harkar gabana. Amma tun kaka nake kai-kawo tsakanin zaure da tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, har mai ɗakina ta fara tambaya ko wani ciwo nake ɓoye mata. Ba ciwo ba ne. Wani baƙin kasko ne Kyari ya bar min ajiya, yanzu kuma 'yarsa ta zo tana nema.

A farkon shekarun tamanin ni direban a-kori-kura ne tsakanin Nguru da Gashuwa, a nan na san shi. Kyari ba shi da rumfa a kasuwa. Sana'arsa bin taro da tuyar kifi: kokawa bayan girbi, dambe, bikin masu hali, duk inda ganga ta yi ƙara za ka same shi. Kaskonsa na ƙarfe ne mai kauri, sai mutum biyu ke ɗaga shi, kuma a motata yake hawa. Shi Babarbare, ni Bafulatani, don haka ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. In na faɗa rami sai ya buga rufin mota ya ce, "Ɗan Fillo, tuƙa a hankali, abin da ke bayanka ya fi shanun ubanka daraja." Ni kuma in ce masa da kaskon da mai shi duk kuɗin kaya ɗaya zan karɓa.

Babbar ranarsa ita ce ranar su, wato ranar da ake buɗe tafkin da aka hana taɓawa tsawon shekara, gari duka ya auka ruwa da komar kamun kifi da gora. Sauran masu tuya sukan zo da kifinsu daga wani wuri, su fara ciniki tun kafin Sarkin Ruwa ya ba da izini. Kyari sai ya jera itace, ya ɗora kasko, ya zuba man gyaɗa, ya naɗe hannu ya zauna. Ba zai ƙyasta ashana ba sai masunci na farko ya fito daga ruwa. Yakan ce kifin da bai ji gangar ranar ba, ba zai shiga kaskonsa ba. Sannan kifin farko da ya tsamo ba na sayarwa ba ne, na wancan masuncin ne, ya ci a tsaye ruwa na ɗiga daga jikinsa. Na sha ganin mutane da yunwa suna wuce ƙamshin wasu, su zo su tsaya a gaban murhun da ba wuta. Kifin karfasa na Kyari ya cancanci jira, ko ni da aka raina a kan nono na shaida.

Sai shekarar fari ta zo. Kogi bai cika ba, bai kuma aika wa tafkuna komai ba. Duk da haka aka sa ranar su a wani tafki a hanyar Jakusko, don ba wanda ya yarda ya zama shi ne ya fara cewa babu. Aka kaɗa ganga, mutane suka ruga, suka fito da taɓo har gwiwa. Abin da aka kama bai cika ƙwarya ba, masu shi kuma suka ɓoye a riga suka kai wa iyali. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A shekarar ne na fara ganin kifin ƙanƙara a kwali, wanda ake kawowa daga Kano, sauran masu tuya kuwa da shi suka zo, suka sayar ƙarƙaf kafin la'asar.

Wani ɗan kasuwa ya tausaya wa Kyari ya turo masa kwali ɗaya, Kyari ya ƙi karɓa. Na matsa masa ƙwarai, na ce da babu gara ba daɗi, yana da mata da jaririya a gida. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Fillo, in saniyarka ta ƙafe, madarar gwangwani kake zubawa a ƙwarya ka ce nono ne?" Da yamma muka juye man a galan, muka ɗora kasko a mota da sanyinsa, muka koma Gashuwa.

Bayan 'yan watanni ya bi masunta zuwa Tafkin Cadi, inda aka ce har yanzu da sauran kifi. Ya bar matarsa Yagana da 'yarsu Falmata a goye. Ranar tafiya ya sa aka mirgino kaskon har zaurena ya ce, "Ajiye min. Ranar da ruwanmu ya dawo sai mu ɗora." Kafin damina ta zagayo labari ya iso cewa amai da gudawa sun ɗauke shi a wani tsibiri. Ko kabarinsa ba mu sani ba.

Tun daga nan kowace shekara nakan mirgino kaskon in goge shi da man gyaɗa kada ya yi tsatsa, in je bakin kogi in duba, in ce tukuna. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Na ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwan da muke ganin kwale-kwale, na ga tashar jirgin ƙasa ta Nguru ta yi tsit. Na ga shekarun da ruwa ya zo da fushi ya shiga ɗakunan mutane ya rushe katangu, amma ban san ko wannan ne dawowar da Kyari ke nufi ba. Akwai kifi har yanzu, ba na musu, sai dai ba irin wanda gari guda zai ci ya bar saura ba. Ina yawan tambayar kaina me zai ce in ya ga tarwaɗar da ake kiwo a tanki a bayan gida, ko ranar su ta yanzu da ake jera kujeru a yi ta jawabi masunta na tsaye a rana. Wani lokaci nakan ce zai yi dariya. Wani lokaci nakan ce gara da bai gani ba, sai kuma in ji haushin kaina da na faɗi haka.

Falmata yanzu uwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara. Tuyar kifi take yi a tashar motar Gashuwa, kifin ƙanƙara, a wani kasko da aka yanko daga gindin duro, mai ƙona bayan kifi ya bar cikinsa ɗanye. An fara kiranta wuraren taro, kaskon nata kuma ba ya ɗaukar jama'a. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Baba, Inna kafin ta rasu ta ce kaskon babana yana wurinka." Maimakon in ba ta, sai na ba ta labari. Na faɗa mata na ashana, na kifin farko, na kwalin da ya ƙi karɓa. Ta saurara har ƙarshe, kanta a ƙasa, sannan ta ce, "Baba, shi ya jira ruwa, mu muka sha wuyar jiran. Yarana ba labarin kogi suke tambayata da safe ba."

Wannan magana ita ta hana ni zama. In na ba ta, kifin da Kyari ya gwammace ya bar garinsu da ya soya shi ne zai fara shiga kaskon, kuma da hannuna. In na hana, na fifita taurin kan mamaci a kan cikin jikokinsa. Na kai wa limamin unguwarmu, ya ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, gado ne, nata ne. Gaskiya ya faɗa. Amma shi bai zauna kusa da itacen nan da ba a kunna ba, yana kallon abokinsa na haɗiye yawu. Ina ƙaunar Kyari, kuma sai a bana na yarda ina jin haushinsa. Da ya karɓi kwalin nan, wataƙila da yanzu yana zaurena ba haƙori yana zagin Fulani.

Makon jiya aka yi kokawa a Karasuwa, Falmata na da wuri a bakin fili. Na sa aka ɗora kaskon a motar maƙwabcina, na zauna a baya na riƙe shi da kaina, duk ramin da muka faɗa ina jin kamar Kyari zai buga rufi. Ba ta yi doguwar godiya ba. Ta shafa bakinsa da tafin hannu, ta jera itace, ta ƙyasta ashana ba tare da ta jira kowa ba. Kifin kwali ya shiga mai ya yi ƙara, na kau da kai.

Mutane sun fara miƙo hannu lokacin da ta tsamo na farko. Ba ta ba kowa ba. Ta barbaɗa yaji, ta ratso layin ta miƙo min ta ce, "Baba, ka ce na farko ba a sayarwa."

Dokoki biyu na faɗa mata, ta ɗauki wadda za ta iya ɗauka ta bar wa ubanta ɗayar. Na yi ta auna abin a hanyar dawowa, ko rabin Kyari ne ya rage ko kuwa wannan ne Kyarin duka, har yau ban gama ba. Abin da na sani shi ne na tsaya a rana ina cin kifin da bai taɓa jin ganga ba, hawaye na zuba, yara na kallon tsoho. Babarbare, ban san yadda zan faɗa maka ba, amma ya yi daɗi, na cinye har kai. Allah ya jiƙanka, ya sa ka tarar da ruwa a cike.