Sakiusa Naulu, Mai Gadin Murjanin Nabulewai

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Yunin 2025, Sakiusa Naulu ya miƙa ƙahon katantanwarsa, wanda mai gadi ke busawa, ga wanda zai gaje shi, bayan shekara ashirin da uku yana gadin murjanin Nabulewai, wato duwatsu masu rai da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, inda kifi ke hayayyafa. Na bi tarihin garinmu tun daga 1874, shekarar da aka miƙa Fiji ga Ingila, ban sami wanda ya riƙe aikin gari tsawon haka ba tare da albashi ba. Ban kuma sami wanda aka zarga kamarsa ba.

Kullum kafin a buga gangar addu'ar safe yana kan tudun makabarta, yana duban teku. Ba kyan ruwan yake kallo ba. Alamar man inji yake nema, ko tsuntsayen da suka taru inda bai kamata su taru ba. Daga nan sai ya sauko gaɓa ya buɗe kwandon duk wanda ya dawo daga su, domin kifin da aka kashe da nakiya cikinsa a dagargaje yake, kuma ba ya ɓoyuwa. Ya buɗe kwandon matar fasto. Ya buɗe nawa, ni da nake taubashinsa.

"Malam, wannan kifin a wane shafin littafi ka kama shi?"

"A wajen iyakar da aka hana, Saki."

"Kai da ko bakin zanenka bai jiƙe ba? Faɗa mini wanda ya ba ka, da shi zan yi."

Dalilin aikinsa sananne ne. Nakiya da dafin saiwa na kashe kifi sun daɗe suna cin murjaninmu, lakar da masu saran katako suka sako daga tudu ta rufe wani ɓangare, sannan zafin ruwan shekarar 2000 ya mayar da rabinsa fari fat. Da sarkin garinmu ya rasu a 2002, aka kafa sanda mai ganyen kwakwa a bakin mashigar ruwa, aka hana kamun kifi har dare ɗari kamar yadda aka gada. Da kwanakin suka cika, dattawa suka ƙi cire sandar, suka ɗora Sakiusa a kan gadi.

Kifi ya dawo, zargi ya biyo shi. Shi kaɗai ke shiga wurin da aka hana, saboda haka duk ranar da hayaƙi ya tashi daga madafarsa sai an sami mai wucewa yana shinshina. Mata suka ce kumatun 'ya'yansa ba na rogo zalla ba ne. Shi yana zargin kowa, kowa yana zarginsa, murjani kuma yana girma a tsakani.

A watan Agustan 2011 Aporosa ya zo, ɗan ƙanwarsa Litiana da ke aure a babban tsibiri. A wurinmu ɗan 'yar'uwa shi ne vasu: abin da ya ɗora wa hannu a garin kawunsa ya zama nasa, kuma hana shi abin kunya ne da ake gadar wa jikoki. Ina cikin ɗakin da ya gabatar da saiwar yangona ta gaisuwa, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taro. Ɗaurin da ya ajiye ya isa bikin aure. Sakiusa ya daɗe yana kallonsa kafin ya karɓa.

"Ɗana, wannan duk gaisuwa ce?"

"Kewarka ce, Kawu."

"Kewar tawa ta yi nauyi. Na ga jirginku ya nutse har baki, ga tamfol a kansa. Ita ce a ƙarƙashi?"

Sandunan ƙarfe na fasa murjani ne a ƙarƙashi. Aporosa yana yi wa wani ɗan kasuwa aiki, mai sayen murjani mai rai yana aikawa ƙasashen waje a ƙawata tankunan kifi. Ya faɗa a fili: gobe idan ruwa ya janye zai shiga ya ɗauki rabonsa na vasu. Dattawa suka sunkuyar da kai, domin babu mai bakin hana shi. A waje kuwa maganar ɗaya ce: kawu da ɗa sun shirya, an yi shekara tara ana yi musu kiwo.

Abin da ya faru washegari ban gani da idona ba. Daga bakin Mereoni na ji, tsohuwar da ke tsintar katantanwa kusa da sandar tare da wasu mata, kuma na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba su saɓa ba. Da rana tsaka jirgin Aporosa ya iso mashigar, ya tarar Sakiusa ya gitta nasa jirgin, mai sabon inji, ya toshe hanya.

"Kawu, matsa mana."

"Murjanin nan ba nawa ba ne, ɗana. Na marigayi sarki ne har a cire sanda. Ga kabarinsa can kan tudu, je ka ɗora masa hannu."

"Kawu, kada ka sa a yi wa uwata dariya."

Aporosa ya miƙa hannu ya dafa gefen jirgin kawunsa don ya ture shi. Nan take Sakiusa ya tafa hannu irin tafin da ake yi idan an karɓi kyauta, ya ɗaga murya yadda matan za su ji.

"Ku shaida, vasu ya zaɓa. Jirgi da inji sun zama nasa."

A Nabulewai vasu ba ya ɗauka sau biyu a zuwa ɗaya. Mereoni ta ce ita ce ta fara amsa tafin. Sakiusa ya kwance ƙahonsa, ya sauka cikin ruwa har ƙirji, ya tako gida da ƙafa. Aporosa ya ja jirgi biyu ya tafi, sandunansa a bushe.

Kai ne, Saki, ka cika al'ada har ƙarshenta, ka kuma hana a ci garinmu da ita. Kai ne ka san cewa jirgin nan shi ke kai 'ya'yanka makaranta, shi ke kai matarka asibiti, ka gitta shi duk da haka. Mai ido a kan tudu, wanda bai yarda da kwandon kowa ba.

Zan so in rubuta cewa zargi ya mutu a ranar. Bai mutu ba. Aka ce jirgin kafin alƙalami ne, Aporosa zai dawo da shi ya kwashi murjani. Da bai dawo ba, aka ce Turawan da ke zuwa auna murjani za su saya masa wanda ya fi shi. Aka zuba ido shekara da shekaru. A kan sandunan gora da ya ɗaure da igiya suka zama kwale-kwale ya ci gaba da zagaya iyaka, har guguwar 2016 ta zo ta wuce, murjanin ya karye ya sake tohowa, muna kallo.

Na tambaye shi ranar da ya sauka daga gadi ko zargin ya taɓa ƙona masa rai.

"Malam, da sun daina sa mini ido, da na fara zargin sun daina sa wa ruwan ido."

Mun gode, Sakiusa, a madadin garin da ya daɗe bai gode ba. Ga matasanmu kuma, musamman waɗanda 'yan kasuwa za su aiko gida da babban ɗaurin yangona, da waɗanda za su karɓe su: ku tambayi abin da ke ƙarƙashin tamfol, ko da mai jirgin jininku ne.

Aporosa ya sayar da jirgin a Suva, babban birnin ƙasar, kafin ƙarshen 2011. Bai sake zuwa Nabulewai ba. Litiana ta zo sau biyu, duka jana'iza, kuma a gidan fasto ta sauka.